Ranar da Aka Sake Kulle Maigidana

Ƙungiyar mutanenmu da ke Bronx, a birnin New York, takan fita shan iska sau ɗaya a shekara, idan zafi ya kankama kuma yara sun sami hutu. A shekarar da maigidana ya fito daga tsare, bayan sallar Juma'a a masallacinmu na Tremont aka sanar cewa tsibiri za a je, wani da ke tsakiyar ruwa a can ƙasan Manhattan, wanda sai an hau jirgin ruwa ake isa gare shi. 'Yarmu, wadda a lokacin take ajin ƙarshe na sakandare, ta duba wayarta tun muna hanyar gida. Ita Hausa ji take yi, ba ta mayarwa, don haka da Turanci ta gaya mini cewa akwai tsohon kurkuku a wurin, an mai da shi gidan tarihi.

Da muka isa gida na sami maigidan na ce masa mu haƙura da tafiyar bana. Yana ɗaure igiyar takalmi zai fita aiki, bai ko ɗago ba.

"In ban je ba za a ce har yanzu ɓuya nake yi," in ji shi. "Ki dafa abin da za ki dafa."

Tasi yake ja, yana jiran fasinja a filin jirgin sama na JFK, tun kafin ya kawo ni ƙasar nan. Wata safiya a farkon sanyi ya tafi wani ofishi a kan maganar takardunsa na zama, abin da ya saba yi, har ya ce in rufe masa kokonsa zai dawo ya sha. Bai dawo ba sai da ƙanƙara ta zuba ta narke, itatuwa suka yi sabon ganye. Ba sata ya yi ba, ba faɗa ba. Wata tsohuwar matsala ce da lauya ya sha fama kafin ya warware. An kai shi wata jiha mai nisa, ni kuma aikina na kula da wata tsohuwa a gidanta ba ya barin mutum ya yi nisa. Muryarsa kawai nake ji a waya, ita ma sai layi ya yanke a tsakiyar magana.

Mutane sun yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsu ba. An yi masa addu'a a masallaci, an kawo mana shinkafa da mai. Amma cikin matan da suke shigo mini da kwano akwai masu zama su tsura mini ido, suna jiran in faɗi ainihin abin da ya yi. Ya dawo kunnena cewa a bayana ana cewa ruwa ba ya tsami banza.

Mutumin da ya dawo mini, fuskarsa ce, muryarsa ce, amma akwai abubuwan da ban san shi da su ba. Yakan ci abinci da sauri, hannu ɗaya a kewaye da kwano. Ba ya rufe ƙofar banɗaki ruf. Wani lokaci in same shi tsaye a bakin ƙofar falo da makullin mota a hannu, yana jira, sai na ce, "A dawo lafiya," sannan ya murɗa ya fita. Ban tambaye shi ba, shi ma bai faɗa ba. Haka muka zauna har ranar tafiyar ta zo.

Ran Lahadi muka hau jirgin ƙasa daga unguwarmu ta Soundview da kuloli biyu, ɗaya dafa-duka, ɗaya soyayyar kaza, 'yarmu na rungume da jarkar zoɓo tana ƙunƙuni. A bakin ruwa muka tarar da sauran jama'a, manyan riguna da mayafai cikin Turawa masu gajerun wanduna. Tsallakawar ba ta da nisa. Tsibirin kuwa, gaskiya yana da kyau: ciyawa shimfiɗe, manyan itatuwa, tsofaffin gidajen jan bulo, mutane na yawo a kan kekuna, ga dogayen benayen gari can a tsallake kamar a hannu. Muka shimfiɗa tabarmi a inuwa. Matan Gana suka buɗe wake da shinkafarsu da baƙin yajin nan nasu, 'yan Nijar suka fito da kilishi suna ta zuba Faransanci a cikin Hausa. Aka yi azahar a kan ciyawa.

Shugaban ƙungiyar wani Alhaji ne Bakano, mai jiki, mai murya, wanda ya riga kusan kowa zuwa New York. Maigidana kuwa Bazazzage ne, kuma kowa ya san wasan da ke tsakanin Kanawa da Zage-zagi. Tun zuwana ƙasar nan nake jin su, kowanne na kiran ɗan'uwansa bawansa. Muna cikin cin abinci na jiyo muryar Alhaji daga tabarmar maza.

"Bazazzage, ci a hankali mana, ba mai ƙwace maka."

Gabana ya faɗi. Amma sai na ji maigidan ya ce, "Ina zaune kusa da Bakano, ai dole in tsare kwanona."

Aka fashe da dariya, shi ma ya yi, dariya ta gaske har da buga cinya. Rabon da in ji ta tun kafin a tafi da shi. Na sunkuyar da kai na yi hamdala, na ce a raina ashe ni ce mai yawan tsoro.

Bayan an ci an sha Alhaji ya miƙe ya ce a zo a je a ga kurkukun, kada a ce mun zo ci kawai. Na kalli maigidan. Ya riga ya tashi yana kakkaɓe riga.

Ginin zagayayye ne, na jan dutse, bangonsa ya fi tsawon hannun mutum kauri, da ƙananan tagogi jere inda a da ake leƙo da bakin igwa. Da shigarmu zafin waje ya yanke, wani sanyi mai warin daɗewa ya tare mu. Wata matashiyar Baturiya mai faffaɗar hula ce take zagawa da baƙi tana bayani. Aka haɗa mu da wasu 'yan yawon buɗe ido, 'yarmu ta tsaya kusa da tsofaffin mata, tana gaya mini da Turanci mai sauƙi, ni ina mayar musu da Hausa.

Yarinyar ta iya aikinta. Ta ce a zamanin da Ingila ke mulkin ƙasar nan, gwamnansu ne ya keɓe wa kansa tsibirin. Ta ce a wancan zamanin sukan kwaso masu laifi daga can ƙasarsu, wani ma abin da ya ɗauka bai taka kara ya karya ba, su tsallako da su teku su saka su aikin ƙarfi. Ta nuna ruwan da muka ratso ta ce lokacin yaƙin neman 'yanci an cusa fursunoni a cikin tsofaffin jirage a kansa, cuta da yunwa suka cinye su. Daga baya aka gina wannan ganuwa, aka mai da ita gidan yari.

Ina fassarawa ina tuna gidan yarin garinmu, wanda Turawan Ingilan nan ne suka gina. Muna yara mukan ga fursunoni da fararen gajerun wanduna suna yankan ciyawa a bakin titi, ganduroba na tsaye da kulki, innata ta fizgi hannuna ta ce kada in kalla. Kakata takan ce a zamanin Turawa su ne masu ɗaukar bokitin bayan gida a ka daga gidajen barikin, kuma a cikinsu akwai waɗanda laifinsu bai wuce rashin biyan haraji ba. Ashe hannu ɗaya ne ya yi can ya yi nan.

Wata dattijuwar Baturiya a gabana ta dafe ƙirji tana girgiza kai. Matanmu ma suna ta "Allah sarki," suna "wayyo bayin Allah." A cikinsu har da biyu daga masu cewa ruwa ba ya tsami banza. Na lura tausayin fursuna ba ya yi wa mutane wuya in dai ya daɗe da mutuwa.

Maigidan yana can baya, hannuwansa cikin aljihu, yana kallon ƙasa. Na so in je in tsaya kusa da shi, amma maza ne kewaye da shi, kuma na san ba zai so ba.

Aka hau da mu bene aka kai mu wani dogon lungu mai ɗakuna a jere. An gyara guda ɗaya yadda yake a da: gadon ƙarfe, bargo mai kaushi a ninke, bokiti a kusurwa, ƙofa ta sandunan ƙarfe wadda ake ja ta gefe. Yarinyar ta yi murmushi ta ce duk mai son ya shiga ya ji yadda abin yake, bismilla. Yara suka ruga, suna riƙe sanduna suna ɓata fuska, iyaye na ɗaukar hoto. Wani saurayi Bature da budurwarsa suka shiga tare suka fito suna dariya.

Sai Alhaji ya juya ya kamo kafaɗar maigidana.

"Ku ba da hanya, ga gwani nan! Bazazzage, shiga ka nuna musu yadda ake yi. Kai da ka yi digiri a kai."

Wasu suka yi dariya, wasu suka kalli juna. Maigidan ya yi murmushi, irin wanda yake yi wa fasinjan da ya zage shi. Na buɗe baki zan yi magana, ban san me zan ce ba, kafin in samo ya riga ya shiga.

Abin da na gani daga nan shi ne ban iya mantawa ba. Ba wanda ya ce masa ya yi komai. Yana shiga ya cire hularsa ya ajiye a kan gadon. Ya juya ya fuskanci ƙofa, ya ja da baya har dugadugansa suka taɓa bango, ya mai da hannuwansa baya ya haɗe su, ya sauke ido ƙasa. Jikinsa ne ya yi, kamar yadda mai salla ba ya tunanin inda zai ɗora hannu. Murmushin yana nan a bakinsa, amma ba kowa a bayansa.

Alhaji ya kama ƙofar ya ja da ƙarfinsa. Ta tafi ta bugu, ƙarar ta bi lungun ta dawo. Wayoyi suka tashi sama.

"Yauwa! A ɗauka, a aika Zariya!"

Yarinyar mai hula ta zo da sauri ta ce ba a rufewa gaba ɗaya, ta ja ƙofar ta buɗe. Ƙofar ba ta ma kullu ba, ba ta da makulli. Amma maigidan bai motsa ba. Gumi ya keto masa a goshi cikin wannan sanyin, ya gangaro ta gefen kunne. Ƙofa a buɗe, shi yana tsaye.

Na ratsa maza na je bakin ƙofar. Na ce, "Maigida, fito." Bai ɗago ba. Na sassauta murya na ce, "Baban yarinya, ni ce, fito mu tafi." Ko gezau. 'Yarmu ta zo bayana tana kiran "Baba, Baba." Dariya ta ɗauke a lungun, ba ka jin komai sai kukan wani jariri a ƙasa.

Sai yarinyar nan, wadda a haife ya haife ta, ta matso da rigar aikinta da bajo a ƙirji, ta ce da Turanci, a hankali, "Yallaɓai, kana iya fitowa yanzu."

Nan take ya amsa mata, shi ma da Turanci, "To, ranki ya daɗe." Ya tako ya fito, ya tsaya a gefen ƙofa, hannuwansa har yanzu a baya.

Ni da na yi shekara da shekaru ina kiransa, muryata ba ta isa ta fito da shi ba. Ta wata baƙuwa mai kayan sarki ce ta isa.

Ban san lokacin da na juya ba. Alhaji yana tsaye da wayarsa a hannu, bakinsa a ɗan buɗe. Na ce masa, a gaban maza da mata da yara da Turawan da ba su san me nake faɗa ba, "Alhaji, Allah ya isa tsakanina da kai. Allah ya isa."

Wata Hajiya ta kamo mayafina tana "Subhanallahi, ke kuwa." Na fizge. Na shiga ɗakin na ɗauko hular a kan gadon na miƙa masa. Ya karɓa ya kalle ta kamar bai san ta ba, sannan ya sa.

Hanyar fita ta cikin wani ɗan kanti take bi, inda ake sayar da kayan tunawa da ziyara. Akwai kofuna masu hoton ginin, da riguna masu zanen fari da baƙi irin na fursuna daidai jikin yara, da ankwa ta roba. Wani ɗan ƙungiyarmu yana tsaye a layi da ankwar a hannu, ɗansa na tsalle. Da ya gan mu ya mai da ita bayansa.

Ba mu jira jama'a ba. Na bar kulolina a inda suke muka hau jirgin da ya fara tashi. 'Yarmu ta tafi can ƙarshe ta juya mana baya. Maigidan ya jingina da ƙarfen gefe yana kallon ruwa. Na tsaya kusa da shi, ina jira ya ce wani abu, ko da sannu ce, ko ya bar ni in ce masa. Sai da muka kusa gaɓa ya yi magana, bai kalle ni ba.

"Kin ba ni kunya."

Na ce, "Ni?"

"Wasa ne. Da kin yi shiru da yanzu an manta. Yanzu kuwa kowa ya san akwai abin da ya same ni."

Na ce, "Kowa ya gani da idonsa."

"Sun gani, amma ba wanda ya faɗa sai ke."



Kafin magariba hoton ya shiga zauren ƙungiya na waya. Wani ne ya saka, ba Alhaji ba, ya rubuta a ƙasa wai Bazazzage ya koma gida. Daga baya aka goge, amma 'yarmu ta riga ta gani. Kwanaki kaɗan bayan haka matan manya suka zo mini, su uku, da kulolina a wanke. Suka ce kowa ya san Alhaji da barkwanci, ba ya nufin sharri. Suka ce Allah ya isa ba ƙaramar magana ba ce, balle daga bakin mace zuwa ga dattijo a bainar jama'a. Suka tuna mini cewa Alhaji ne ya miƙe a masallaci ya nemi a yi wa maigidana addu'a. Suka ce a ƙasar mutane muke, in ba mu rufa wa juna asiri ba wa zai rufa mana. Ba wadda ta tambayi yadda ya kwana.

Na ce na ji. Ban yi niyyar zuwa in ba Alhaji haƙuri ba. Amma Juma'a ta zo maigidan bai je masallacin Tremont ba, ya yi sallarsa a wani na Larabawa kusa da filin jirgi. Ta biyu ma haka. Mutum ne da duk abokansa suna wannan sahun, a nan yake jin Hausa, a nan yake jin wa ya zo wa ya tafi. Na ga yana ƙara shigewa cikin kansa. Wata safiya yana shan koko ya ce, "Ba zan iya haɗa ido da shi ba sai kin je." Bai ce in je ba. Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Na je. Alhaji yana da shagon yadi da atamfa a Tremont, na same shi a bayan kanta da wasu mutum biyu. Na rusuna na gaishe shi, na ce na zo ba da haƙuri a kan abin da ya fito daga bakina, ɓacin rai ne. Ya ɗaga hannu biyu.

"Haba Hajiya, wallahi ya wuce. Ni ban riƙe ki ba ko kaɗan. Ai mace ba a biye mata in ranta ya ɓaci. Bazazzagen nawa fa? Ki ce masa ubangidansa na nemansa."

Mutanen biyu suka yi dariya. Na jira ko zai ƙara da wani abu, ko da kalma ɗaya ce a kan ƙofar da ya ja. Ya juya ya zaro turmin atamfa daga saman kanta ya sa a leda ya miƙo mini. Na ce a'a, ya ce sai na karɓa, in ba haka ba bai yarda na huce ba. Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya.

Maigidan ya koma masallaci a Juma'ar da ta biyo. Ana gaya mini sun ci gaba da wasansu kamar da. 'Yarmu kuwa ba ta sake taka taron ƙungiya ba, ko na salla, ko na suna. Da ta ga ledar a kan kujera ta tambaye ni daga ina, na gaya mata. Ta kalle ni ta ce, da Hausarta da ba ta cika fita daidai ba, wadda rabon da ta yi mini ita tun tana ƙarama, "Mama, kai ne ka ba shi haƙuri?"

Na ce ni ce.

Atamfar tana nan a ƙasan akwati, ban kai ta wajen tela ba, ban kuma iya bayar da ita ba. Mai kyau ce, shuɗiya mai ratsin ruwan zinariya, irin wadda da a kasuwa na gan ta da na tsaya na taya.